Hattara Dai Jama'a: Ƙwayar Kashe Yunwa Ta Shigo Gidajenmu



Shugaban wannan zama, wakilin Mai Girma Sarkin Hausawa, malamanmu, dattawan unguwa, iyayenmu mata da ke zaune ta wancan ɓangare, da ku samari da 'yammata da aka ce ku matso gaba yau saboda maganar taku ce, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Shugabannin ƙungiya sun nemi mu 'yan kasuwa mu ce wani abu game da wata haja da ta shigo mana Sabo ba sallama, watau magungunan rage ƙiba, musamman irin waɗanda ke kashe wa mutum yunwa ya wuni bai nemi abinci ba. Wani zai ce me ya haɗa ɗan kasuwa da zancen magani, ai aikin likita ne. To haka ne, amma kafin labarin maganin nan ya kai kunnen likita, ta hannun ɗan kasuwa yake biyowa. Mu ne masu zuwa Ikko, mu ne masu sauke kwali, matanmu ne ke dillanci gida-gida, 'ya'yanmu ne ke ɗora hoton kaya a WhatsApp suna cewa a yi oda. Saboda haka in akwai wanda ya kamata ya san asalin wannan haja da tarihinta, to mu ne.

Abin mamaki, shekarun baya kaɗan kukan da muke yi daban ne. A lokacin, da zarar an sa wa yarinya rana sai a shiga ɗura mata ƙwayoyin sa ƙiba, waɗanda ake kira sha-ka-fashe, don ta cika ido ranar biki. Har yanzu ba a daina ba. Amma ga wata sabuwa ta zo ta tarar da ita. Yarinya na kallon waya dare da rana, tana ganin mata masu ciki a shafe kamar faranti, sai ta dubi nata jikin ta raina shi. A gida ɗaya sai ka iske ya tana shan na ƙiba, ƙanwa tana shan na rama, kuma sau da yawa mai sayar musu mutum ɗaya ce. Iyayenmu na cewa an je neman ƙiba an samo rama. To yau ramar ce ake nema da kuɗi. Kada samari su yi dariya fa, domin masu ɗaga ƙarfe a cikinku ma suna shan nasu, wai don a ƙone kitse damtse ya fito. Kuma abin ba a Badun kaɗai yake ba. A shekarar 2024 masana suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka ga kusan matashi ɗaya cikin goma ya taɓa shan wani abu na rage ƙiba ba da izinin likita ba, kuma 'yammata sun fi yawa.

Bari mu fara da yadda ƙwayar ke aiki, domin wanda ya gane wannan ya gane rabin maganar. Yunwa ba a ciki take ba kamar yadda muke zato. Ciki kuka kawai yake yi. Mai yanke hukunci wani ɗan wuri ne a can ƙasan ƙwaƙwalwa, shi ke karɓar saƙo daga hanji da jini, ya ce lokacin ci ya yi, ko ya ce an ƙoshi. To da yawa daga cikin ƙwayoyin nan dangin amfetamin ne, watau ƙwayar hana barci da direbobin dogon zango da masu aikin ƙarfi suka sani tun tuni. Abin da suke yi shi ne su jefa jiki cikin halin firgita. Duk wanda ya taɓa tahowa da kaya daga Arewa cikin dare, aka ce masa 'yan fashi sun tare hanya a gaba, ya san abin da muke nufi. A wannan lokaci ko tuwon shinkafa da miyar taushe aka ajiye maka ba za ka dube shi ba. Gaba na faɗuwa, baki ya bushe, hannu na rawa, ido ya ƙeƙashe. To wannan halin da kai ka shiga na rabin sa'a ka yi mako kana ba da labarinsa, shi ne yarinya ke saye da kuɗinta ta zauna a cikinsa tun safe har dare, yau da gobe. Yunwar ta tafi, ba shakka. Amma zuciya na ta gudu kamar injin da aka taka wa totur alhali mota na tsaye, jini kuma yana hawa.

Daga nan sai alamu su fara fitowa a gida. Yarinya ba ta barci, tana yawan ciwon kai da jiri, bayan gida ya yi mata tauri, abu kaɗan ta fusata, wani lokaci ta fashe da kuka ba dalili. Uwa ta ce 'yata ta canza hali. Wata ta ce iska ce, wata ta ce sammu ne, a yi ta hayaƙi da rubutu, ba wanda ya yi tunanin buɗe jakarta ko ɗaga katifa.

Kuma jiki yana sabawa da ƙwayar. Bayan 'yan makonni guda ɗaya ba ta ƙara yin aiki, sai a koma biyu, daga biyu sai uku. Ranar da aka rasa ta kuwa, sai kasala da baƙin ciki su sauko, ga wata irin yunwa mai tsanani, mutum ya ci na yau ya rama na jiya, ƙibar ta dawo har da riba. Kun ga an kama hanyar shaye-shaye ke nan ta ƙofar baya. Mu da muka ga abin da kodin ya yi wa 'ya'yan mutane har gwamnati ta hana shi a 2018, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Daɗin daɗawa, wanda ya haɗa irin wannan ƙwaya da tiramadol yana iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, da zazzaɓi mai zafi, domin dukansu wuri guda suke taɓawa a ƙwaƙwalwa.

To me ya sa muka fi damuwa da matasa? Saboda babba an gama gininsa, shi kuwa ɗan shekara 13 zuwa 19 gini ake kan yi. Likitoci sun ce kusan rabin ƙarfin ƙashin da mutum zai rayu da shi a waɗannan shekaru ake tara shi. Tsawo, jini, ƙwaƙwalwa, ƙugun da mace za ta haihu da shi, duk yanzu ake aza su. Yawan cin da kuke gani yaro na yi a wannan lokaci ba haɗama ba ce, magini ne ke kiran a kawo bulo. Wanda ya kashe yunwar ya kori mai kawo bulo ne, alhali ba a kai linta ba. Yarinyar da ke zubar da jinin al'ada kowane wata kuma ba ta ci, ƙarancin jini zai kama ta, ta riƙa haki, karatu ya ƙi zama. In ramar ta yi nisa, al'adar ma ɗaukewa take yi. Sa'an nan ga amaryar da ta fara shan ƙwaya kafin biki ta ci gaba bayan biki, ciki ya shiga ba ta sani ba. Akwai ɗaya daga cikin magungunan nan, Qsymia, wanda hukumar Amurka ta yarda da shi, amma da gargaɗi a rubuce cewa yana iya sa a haifi jariri da tsagaggen leɓe. Wanda aka yarda da shi ke nan fa, aka rubuta abin da ke cikinsa, balle wanda ba a san ko mene ne a ciki ba.

Akwai kuma wata cuta da ba mu faye kiran sunanta ba, cutar ƙin cin abinci. Yarinya ta rame har ƙasusuwan wuya sun fito, amma in ta duba madubi ƙiba take gani. Ta riƙa ɓoye abinci, ko ta ci ta zagaya ta sa yatsa ta amayar. Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba iskanci ba ne, duka ba ya maganinsa, kuma yana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Masana na jami'ar Harvard sun bi diddigin mata matasa fiye da 10,000, suka fitar da sakamako a 2019 cewa masu shan ƙwayar rage ƙiba ko maganin wanke ciki don su rame sun fi sauran faɗawa wannan cuta cikin shekara ɗaya zuwa uku.

Yanzu bari mu yi magana irin tamu ta kasuwa. Idan aka kawo maka haja aka ce ta yi kyau, abu na farko da za ka tambaya shi ne, waɗanda suka saya a baya yaya suka ƙare da ita? To ku saurari tarihin wannan.

A Amurka, cikin shekarun 1990, aka yi yayin wani haɗin ƙwaya biyu da ake kira fen-fen. Likitoci ne ke rubuta shi, ba 'yan talla ba, kuma kimanin mutum miliyan 6 suka sha. Mutane na ramewa, kowa na murna. Sai a watan Yuli na 1997 likitocin asibitin Mayo suka ba da rahoton mata 24 da suka sha haɗin, aka tarar bawul ɗin zuciyarsu ya lalace. Makanikai da direbobi da ke nan sun san bawul. Zuciya tana da guda huɗu, aikinsu su buɗe jini ya wuce, su rufe kada ya koma baya. Ƙwayar tana sa su yi kauri su ƙi rufewa da kyau, jini ya riƙa yoyo, mutum ya hau bene ɗaya ya kama haki, ƙafa ta kumbura. Wasu sai da aka tsaga ƙirjinsu aka sauya musu bawul. Wasu kuma jijiyoyin huhunsu suka matse, cuta ce mai wuyar magani ƙwarai. Da hukuma ta sa aka duba zukatan waɗanda suka sha, sai aka ga kusan 30 cikin 100 na waɗanda aka duba suna da alamar matsala, da yawansu ba su ma san suna da ita ba. A watan Satumba na 1997 aka janye Pondimin da Redux daga kasuwa, kuma a 1999 kamfanin ya amince ya biya diyyar dala biliyan 3.75, daga baya ma kuɗin ya ninka haka nesa ba kusa ba.

Za ku ce ai daga nan duniya ta ɗauki darasi. Ina! A Faransa akwai ɗan'uwan wannan ƙwaya mai suna Mediator, na kamfanin Servier, wanda ya shiga kasuwa a 1976 da sunan maganin masu ciwon suga, amma aka riƙa rubuta wa mutane shi don kashe yunwa. Shekara 12 bayan abin da ya faru a Amurka ana nan ana sayar da shi. Sai da wata likitar huhu a garin Brest, Irène Frachon, ta lura da irin lalacewar zuciyar da take gani a majinyatanta, ta tsaya kai da fata, kafin a janye shi a 2009. Kafin nan kimanin mutum miliyan 5 sun sha. Ƙiyasi mafi ƙanƙanta ya ce mutum 500 suka mutu, wasu masana suka ce sun kai 2,000. A 2021 kotu a Faris ta sami kamfanin da laifin yaudara da jawo mutuwar mutane. Ku duba fa, ƙasa ce mai likitoci da doka da ɗakunan gwaji, amma shekara 33 abin ya ɗauka.

Sauran kuwa sai dai mu bi ta kansu da sauri. Akwai PPA da ake sakawa a ƙwayoyin rage ƙiba na kanti. A shekarar 2000 binciken jami'ar Yale ya nuna yana jawo fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwar mata masu ƙananan shekaru, aka ce a cire shi. Akwai ganyen efedira, wanda Amurka ta hana a 2004 bayan mutuwar mutane, cikinsu har da wani ɗan wasa mai shekara 23 da ya yanke jiki ya faɗi a filin atisaye a 2003. Acomplia ya shiga Turai a 2006, aka dakatar da shi a 2008 saboda yana jefa mutane cikin baƙin ciki da tunanin kashe kai. Belviq ya fito a 2012, aka janye shi a 2020 saboda tsoron ciwon daji. Sai sibutiramin, wanda aka sayar da sunan Reductil da Meridia. An gwada shi a kan mutum kusan 10,000, aka ga yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kashi 16 cikin 100, sai Turai da Amurka suka janye shi a 2010. Don Allah, 'yan'uwa, wane ɗan kasuwa ne a cikinmu zai ci gaba da karɓar kaya daga hannun wanda sau bakwai ana dawo masa da haja?

Ku riƙe sunan sibutiramin ɗin nan, domin shi ne ya fi shafarmu. Kowa a nan ya san kayan da aka kora daga babbar kasuwa ba ɓacewa suke yi ba, riga suke sakewa su ɓullo a ƙaramar kasuwa. Haka aka yi da shi. Hodarsa ake zubawa cikin kafso ko shayi ko kofi, a zana ganye kore a jikin kwali, a rubuta cewa tsantsar itatuwa ne. Tsakanin 2007 da 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta kama kayan rage ƙiba iri 317 da aka yi wa algus, kuma kusan 85 cikin 100 na waɗannan sibutiramin aka samu a ciki. Mai algus kuwa ba ya awo, kafso ɗaya ya zo da kaɗan, na kusa da shi ya zo da ninkin abin da likita zai rubuta wa ƙaton mutum. Saboda haka in yarinya ta ce ai shayin nan yana aiki, tun da ta sha ba ta ji yunwa ba, baki na bushe mata, ba ta barci, to wannan ba yabo ba ne, shaida ce a kansa. Ganyen shayi ba ya yin haka.

Ko da ganyen ne na gaskiya, ba kowane ganye ne lafiya ba. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba da ke Burasel ta ƙasar Beljiyam, aka haɗa wa mata kafso da wani saiwar itace, fiye da 100 daga cikinsu ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda, wasu daga baya ciwon daji ya kama su a hanyar fitsari. Yawancin shayin rage tumbin da ake tallatawa kuwa ganyen wanke ciki ne, dangin filasko da kakanninmu suka sani, wani a ƙara masa maganin sa fitsari. Mutum ya kwana yana zarya bayan gida, da safe ya hau sikeli ya ga ya ragu. Ruwa ne ya fita, kitsen na nan inda yake. Kuma ruwan da ya fita ya tafi da gishirin jiki, musamman fotasiyam, wanda in ya yi ƙasa bugun zuciya ke rikicewa. Muna jin wasu na shan irin wannan shayi da sahur, wai a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ka wanke ciki da asuba sa'an nan ka wuni ba ruwa cikin zafin watan Maris, me kake so ƙoda ta yi? Mai ciwon sikila kuwa, ƙarancin ruwa na daga cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwo kai tsaye.

Wata za ta ce ai da lambar NAFDAC a jiki. To a nan ma da magana. Na farko, wanda ya iya buga kwali ya iya buga lamba. Na biyu, lambar da ake ba magungunan gargajiya, wadda ke ƙarewa da harafin L, ba ta nufin hukuma ta tabbatar maganin yana yin abin da aka ce yana yi. In kuka duba da kyau za ku ga an rubuta haka da ƙananan baƙaƙe. Hukumar tana da rumbun sunayen magungunan da ta yi wa rajista a intanet, ana kiransa Greenbook, yaranmu masu waya sai su duba mana. Kuma kun ga yadda a watan Fabrairu na 2025 hukumar ta rufe kasuwannin magani na Idumota da Onica da Aba saboda jabu da haramtattun magunguna. Daga irin waɗannan wurare ne kaya da yawa ke gangarowa kantunan unguwa.

Sai yayin da ake ciki yanzu, watau allurar mako-mako, Ozempic da Wegovy. Gaskiya a faɗe ta, waɗannan magani ne na ƙwarai, ba dangin amfetamin ba ne. Suna kwaikwayon wani sinadari ne da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci, mai gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Ozempic don masu ciwon suga aka yi shi. Wegovy kuwa a ƙarshen 2022 Amurka ta yarda a ba yaro daga shekara 12, amma mai ƙibar da likita ya auna ya ce ta zama cuta, kuma yana bibiyarsa. Ba don amaryar da ke son leshi ya zauna mata aka yi shi ba. Yana sa tashin zuciya da amai da gudawa, yana iya kawo tsakuwa a matsarmama ko kumburin saifar da ke sarrafa suga, ba a yin sa da ciki, kuma in aka daina yawancin ƙibar tana dawowa. Ga tsada, inda tsada take kuwa jabu na nan. A 2023 an kwantar da mutane a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sun yi allurar jabu da ake zargin insulin aka ɗura a ciki, suga ya faɗi warwas. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka. In ya shiga can, me zai hana shi shiga jakar mai kawo kaya a nan?

Iyaye, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Yarinya ba ta tashi haka kawai ta tsani jikinta ba. A tsakar gida ta fara jin ana ce mata buhu, ana ce mata wa zai kwashe ki a haka. Gwaggo ta zo ta faɗa da wasa, yayye maza su ɗauka su mai da shi suna. Mu a wurinmu raha ce, ita kuwa da shi take kwana. Sa'an nan mu ne muka hana ta fita, daka da surfe da ɗiban ruwa da suka riƙe iyayenta mata inji ya karɓe, muka cika gida da lemon kwalba da taliyar leda, muka dawo muna yi mata dariya. Ku kuma samari masu cewa sai siririya, ku sani kalmar da kuka jefa a waya tana iya kai 'yar mutane kemis.

Ba muna cewa ƙiba ba matsala ba ce. Mu da muke wuni a rumfa a zaune mun fi kowa sanin yadda hawan jini da ciwon suga suka yi mana yawa. Amma wanda zai ce yaro ya yi ƙibar da ta wuce kima shi ne wanda ya auna tsawonsa da nauyinsa ya gwada da shekarunsa, ba madubi ba, ba ƙawa ba. Ga UCH nan kusa da mu, ga Adeoyo, akwai masu ba da shawara kan abinci. Wata ƙibar ma ciwo ne ke kawo ta, wata kuwa sha-ka-fashen da aka sha a baya ce. In an tabbatar akwai buƙatar ragewa, abin da likitoci ke so shi ne a hankali, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, kuma gida duka a gyara tukunya, kada a ware yaro ɗaya ana kallon kwanonsa. Kwalbar lemo ɗaya mai rabin lita tana ɗauke da suga fiye da cokalin shayi 10; wanda ya bar ta kawai ya yi rabin tafiya. Daga nan zuwa Mokola ko Dugbe ba sai an hau acaɓa ko Micra ba. Samari ga filin Adamasingba a bakin ƙofa. 'Yammata kuwa a bar su su yi tsallen igiya a tsakar gida, ba abin kunya ba ne.

Ga 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, shawarar da muka kawo wa ƙungiya ita ce mu yi alkawari a tsakaninmu cewa ba za mu ɗauko wannan haja ba, ko ƙwaya ce ko shayi ko kofi, kome ribarta, haka nan ta sa ƙiba. Masu kemis a cikinmu sun san lasisinsu bai ba su ikon sayar da maganin da sai likita ya rubuta ba. Jihar New York ta kafa doka, ta fara aiki a 2024, cewa ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba ƙwayar rage ƙiba. Mu ba sai mun jira majalisa ba, a Sabo kowa ya san ɗan kowa. Muna kuma roƙon shugabannin mata su zauna da dillalai da masu gyaran amare, domin inda mu maza ba ma shiga su suna shiga, kuma yawancinsu ba su san abin da ke cikin kwalin ba.

In kuwa an riga an gano yarinya tana sha, kada a tara mata jama'a. Uwa ta ja ta ɗaki, a karɓi abin da ya rage, a kai ta a auna jininta da bugun zuciyarta. Makonnin farko bayan ta daina a sa mata ido sosai, domin lokacin ne baƙin ciki ke saukowa; in ta fara zancen ta gaji da rayuwa, kada a ɗauka wasa ne, a koma wurin likita a ranar. Amma in aka ga ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko zuciya na bugawa ba tsari, ko ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko suma, ko jijjiga, ko jiki ya yi zafi rau tana ta gumi, ko ido ya yi rawaya, to asibiti kai tsaye, ko ƙarfe nawa ne. Kada a ɗura mata manja ko madara wai ta yi amai, yana iya sauka a huhu. A tafi da kwalin ko ledar maganin ko da babu kome a ciki, a gaya wa likita guda nawa ta sha, da ƙarfe nawa, da abin da ta haɗa da shi.

Shugaba, mun ga ana ɗaga hannu ta ɓangaren mata, za mu tsaya a nan a ba su dama.